Ranar da Bakin Taubashina Ya Karkace

Ni dai ban taɓa ɗaukar kaina mugu ba. Shaƙiyi, wannan ko a gaban alƙali ba zan musa ba. Amma akwai awa ɗaya da 'yan mintoci a rayuwata da na rasa inda zan ajiye su, shi ya sa na zauna rubuta wannan da bokona na aji huɗu, wanda shi ma rabinsa a gonar auduga na yi shi.

Ina da taubashi. Uwarsa ƙanwar mahaifina ce, aka yi mata aure a wani ƙauye ta wajen Kafur, mu kuma muna ta gefen Dandume. Da aka yaye shi aka kawo shi gidanmu riƙo, bai koma ba sai da gemu ya fara tsiro masa. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka a shari'ar da na gada ni ne ubangida, shi bawa. Bai taɓa amincewa da wannan hukunci ba. Shekara sittin da ɗoriya muka yi yana ɗaukaka ƙara, ina korar ta.

Tsakanina da shi babu maganar hankali, ko guda. Ranar da matata ta rasu ya taso daga Kafur a kan babur cikin ruwan sama, ya zauna kusa da ni kwana uku, abin da ya faɗa kaɗai shi ne baiwar Allah ta huta da kallon fuskata. Na fahimci ta'aziyyar, ta kuma fi ta kowa shiga raina. Wata shekara a kasuwar Dandume ya zube a kan buhuna yana ihu kunama ta harbe shi, na goya shi a bayana har tasha, ina haki. Da muka isa ya sauka da ƙafarsa, ya kakkaɓe riga, ya shaida wa direbobi cewa jakin nan ya tsufa amma yana da biyayya.

Akwai kuma zancen bakina. Turamen haƙorana na hagu sun daɗe da yin ritaya, saboda haka da gefe ɗaya nake cin goro, bakin ya ɗan karkace. Mutumin nan ya mai da shi sana'a. Duk inda muka haɗu, ko a zaman suna ne, sai ya saki leɓensa gefe guda ya riƙa magana kamar mai tuwo a baki, yana gaishe ni da muryata. Ya fi shekara ashirin yana yi, ya ƙware har jikokina na roƙonsa ya yi musu Kaka.

A bazarar da abin ya faru aka ce ana babban biki a Kaduna, na manoma da masu sana'a, kwana bakwai, da baje koli da makaɗa da 'yan kokawa. Ƙungiyarmu ta manoman masara ta ɗauki bas daga Funtuwa. Na aika masa cewa ubangida zai yi tafiya, yana buƙatar mai riƙe masa buta. Ya aiko cewa zai zo, don bai kamata a bar tsoho irina ya shiga birni ba makiyayi.

Tun kafin mu kai Giwa ya ce kansa na sara masa. Na ce abin mamaki ne, don ban san ƙwarya mara komai a ciki tana ciwo ba. 'Yan motar suka yi dariya, shi ma ya yi, ya jingina kai da gilashi.

Filin bikin ya fi kasuwar Funtuwa ranar da ta cika, a ninka. Ko'ina lasifika, ko'ina janareta, mutum ba ya jin tarin kansa. Daga shiga ƙofa, hannun dama, akwai wasu fararen rumfuna guda biyu, da motar asibiti a gefe, da 'yan agaji cikin kaki. Wata nas tana tsaye a bakin ta farkon tana kiran dattawa su shigo a auna musu jini kyauta. Ta ce mana, Baba ku shigo, minti biyu ne. Na ga taubashina ya rage tafiya. Har ya juya kafaɗa wajen rumfar. Sai na ce wa nas ɗin ta yi haƙuri da shi, tun yana saurayi in ya ga farar riga sai ciwo ya kama shi, matarsa ma ta ba ni amanar sa masa ido. Ya ce ai shi don ni ya tsaya, yana so a duba masa ko har yanzu akwai jini a jikina ko ruwan goro ne. Muka wuce muna dariya.

Muka zaga. Muka ga irin masara da aka ce tana goyo uku, muka yi ittifaƙi cewa ƙarya ce, kuma wannan ne karo na farko da muka yarda da juna a shekarar. Muka ga tarakta da ba mai iya saye. Rana ta take. Wajen rumfar masu iri ya ce mu ɗan zauna, muka samu buhuna a inuwa kusa da wata mai kunun aya. Na ɓare goro na jefa a baki.

Ina cikin tauna na waiga, sai na ga bakinsa ya karkace.

Leɓen ya sauka gefe guda, daidai yadda ya saba. Ya dube ni ya yi magana, maganar ta fito a dame, ban tsinci komai ba sai wani abu mai kama da hannu. Na ce a'a, yau har da sabon salo. Na juya wajen mutanen da ke zaune na gabatar da shi, na ce ga bawana nan, kwaikwayona yake yi, sana'arsa ke nan, in akwai mai so zan sayar da araha. Suka yi dariya. Ya sake magana. Ya ɗaga hannun hagu ya kamo na dama ya nuna mini, ya sake shi, hannun ya faɗi kan cinyarsa kamar tsumma. Wallahi har a raina na yaba. Na ce bai taɓa yi ya yi kyau kamar na yau ba.

Mai kunun ayar ta leƙo ta ce, "Baba, anya mutumin nan lafiya yake?"

Na ce mata lafiyarsa ta fi tawa, goyo yake nema, na kuwa taɓa yi sau ɗaya, ba na ƙarawa. Na miƙe na gaya masa zan je kallon injin sussukar masara, in ya gama wasan ya same ni can. Har na ɗan yi nisa na waiwayo. Yana kallona. Na ɗaga masa hannu.

Lokacin ba a kira azahar ba. Na tsaya wajen injin na ga an zuba buhu ya cinye, na yi wa mai injin tambayoyin da ba ni da niyyar amfani da amsarsu. Aka kira salla, na yi alwala na bi jam'i a filin, ina ta leƙen sahu ko zan gan shi. Na ce a raina taurin kai ne, jira yake in dawo in lallashe shi. Don in nuna masa waye ubangida, na ƙara tsayawa na kalli kokawa faɗuwa biyu.

Da na koma, hularsa na fara gani a ƙasa, wani ya taka ta. Mutumin da ko a gona ba ya yarda hularsa ta taɓa ƙasa. Ya zame daga kan buhun ya jingina da shi, yawu ya jiƙa gaban rigarsa. Mai kunun tana durƙushe tana masa fifita da murfin roba. Ta ce ta so ta kira masu agaji, amma na ce wasa ne, ita kuma ba ta san mu ba, ta ji tsoron ta tara wa dattijo jama'a a banza.

Ban san irin ƙarar da na yi ba. Na dai ga 'yan agaji biyu sun ratso da gudu, ɗaya ya duƙa ya ce masa ya ɗaga hannuwa biyu, hannu ɗaya ya tashi, ɗayan bai tashi ba. Ya ce masa ya yi murmushi, bakin ya tafi gefe guda. Bai ƙara tambayar komai ba, ya busa usur, aka kawo gadon ɗaukar marasa lafiya. Suka ɗauke shi mutum huɗu, na gaba yana busa usur jama'a na darewa, ni ina biye da hula da takalmansa. Na sha bin irin wannan tafiya a ƙauye, mutum huɗu da abu a kafaɗa, na kuma san inda take ƙarewa. 

Rumfar da muka wuce da safe, can aka kai shi. Nas ɗin nan tana nan. Ta gane mu, na ga ta gane mu, ta ɗaura masa abin awo a dantse. Likitan rumfar saurayi ne, bai kai ɗana na uku ba. Ya haska idonsa, ya dubi awon, fuskarsa ta canza. Ya juyo ya tambayi wanda ya zo da shi. Na ce ni ne, ɗan'uwansa. Rabon da in kira shi ɗan'uwa a gaban mutane, ban tuna ba.

"Baba, tun yaushe bakinsa ya koma haka?"

Taubashina yana kwance, idonsa a buɗe, yana jin mu.

Na ce, "Yanzun nan."

Likitan ya rubuta a takarda, ya maƙala ta a gadon. Aka saka shi a motar asibiti. Na ɗaga ƙafa zan shiga, ƙafar ta ƙi, na tafi luu sai da wani ɗan agaji ya tare ni. Likitan ya ce ba zai haɗa marasa lafiya biyu a mota ɗaya ba, a kai ni rumfa ta biyu in dawo hayyacina, za a biyo da ni. Motar ta tafi da kukanta.

Rumfa ta biyu ba allura, ba magani. Tabarmi ne da kujerun roba da fanka da ruwan sanyi. Wata mata na zaune a gefe tana jiran a nemo mata 'yarta da ta ɓace a cikin taro, wani dattijo kuma zafi ya kayar da shi an jiƙa masa tawul. Mai kula da wurin wata mace ce, za ta yi sa'ar babbar 'yata, daga jin Hausarta 'yar kudancin Kaduna ce. Na tambaye ta ko ita ma likita ce. Ta ce a'a, ita aikinta zama da mutane. Na ce a garinmu kyauta muke wannan a gindin ɗorawa, ban san ana ɗaukar ma'aikata ba, da na kawo takarduna. Ta yi dariya kaɗan, ta miƙo mini ruwa, ta jira na shanye.

Ta karɓi wayata ta nemo lambar babban ɗansa, ta yi masa bayani a natse, ta faɗa masa asibitin. Ta sa aka yi shela a lasifika aka nemo shugaban motarmu. Duk wannan ban saki hular da takalman ba. Da ta gama ta jawo kujera ta zauna, ta tambaye ni mene ne shi a wurina. Na ce bawana ne. Ta ce su ma suna da irin wannan wasa, ita da 'ya'yan kawunta har yau ba sa gaisuwar arziki. Sai na kama ba ta labarinsa, na kunama, na bakina, ina yi ina dariya. Ita ba ta yi ba. Da na kai kan kwaikwayon baki na tsaya, don na ga inda labarin ya nufa.

Ta ce, "Baba, da ya fara yau, ka ɗauka kwaikwayon ne?"

Na ce e.

"Kafin a kira azahar ne ko bayan an kira?"

Na ce kafin. Na ce na je kallon inji, na yi salla, na kalli kokawa. Na ce na gaya wa likita yanzun nan.

Ba ta yi salati ba, ba ta dube ni irin duban da na cancanta ba. Ta miƙe ta ce in zauna tana zuwa, ta fita da sauri har ɗankwalinta na zamewa. Ta rumfar ina jin muryarta da ta likitan, sai na ji yana waya yana maimaita lokacin. Da ta dawo ta ce an sanar da asibiti kafin su fara komai. Ta ce a irin wannan ciwo da lokaci likitoci suke aiki, abin da za a yi wa wanda ya faɗi yanzu daban, na wanda ya jima daban, in aka yi kuskure ana iya ƙara masa wani ciwon. Ta ce gara da na faɗa.

Na tambaye ta abin da ke cina. Na ce 'yata, ki gaya mini tsakaninki da Allah, da na kawo shi tun farko, da ya tashi?

Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta ce mini babu bambanci ba don kawai in ji sanyi. Ta ce abin da ta sani, mutanen da ba su taɓa wasa da kowa ba ma suna ganin wannan alama su ce gajiya ce, su shimfiɗa wa mutum tabarma. A nan na yi abin da ban yi ba ranar da matata ta rasu. Ta juya kujerarta ta kare ni daga idon mutane har na gama. Kafin a tafi da ni nas ta zo ta auna ni, ta ce nawa jinin ma ya hau, ta rubuta mini takarda in kai asibitin Funtuwa. Na karɓa hannu biyu, ban yi mata shaƙiyanci ba.

Ya yi mako uku a asibiti, aka mai da shi gida. Shanyewar ɓarin jiki, in ji su. Gefen dama ya tafi, magana ta tafi, sai wani sauti guda da yake yi wa komai, ko ruwa yake so ko juyi. Amma hankalinsa na nan, duk wanda ya dubi idonsa ya sani. 'Ya'yansa suka yi ta yi mini godiya, wai ba don ina kusa ba da a cikin taro zai mutu. Na karɓi godiyar kamar mai haɗiyar garwashi. Mutum huɗu ne suka san gaskiya a duniya ban da likitoci, biyu suna Kaduna, ɗaya ba ya magana, ɗaya ni.

Duk Juma'a bayan masallaci sai in hau babur zuwa Funtuwa, in shiga motar Malumfashi, in sauka in nemi ta Kafur. Zuwan farko na zauna a bakin gadonsa na ce sannu, ya jiki, Allah ya sa kaffara ne. Ya dube ni, ya juya fuska bango. Na biyu haka. Na uku haka. Na ce shi ke nan, ya riƙe ni, kuma yana da gaskiya.

A na huɗu matarsa ta tare ni a zaure. Ta ce, "Malam, kowa ya shigo sannu, kowa ya fita sannu. Liman sannu, surukai sannu. Har kai? Mutumin nan gani yake ka riga ka binne shi."

Na koma ciki. Na tsaya a kansa. Sannan na ce na zagaya ƙasar Katsina kaf ban ga malalacin bawa irinsa ba, damina ta kama, kowa na gona, shi ya kwanta mata na ba shi kunu a baki, kuma in tsammani yake zan 'yanta shi don wannan dabara, to ya sake lissafi. Kafaɗarsa ta hagu ta fara rawa. Sautin nan nasa ya fito, yana fita yana sarƙewa, hawaye na bin gefe ɗaya. Matarsa daga tsakar gida ta ce yau kam zai ci tuwo. Ya kuwa ci.

Haka muka ci gaba, ni ina zagi, shi yana ramawa da ido da hannu ɗaya. Na koma ina yin murya biyu, in faɗi nawa, in faɗi abin da na san zai mayar, in ya ga ban rama masa da kyau ba sai ya bugi katifa in sake. Amma maganar nan tana nan a wuyana. Ta yaya mutum zai nemi gafarar wanda bai taɓa yi wa maganar hankali ba? Ba mu da kalmomin. Duk wanda na ɗauko sai in ji kamar na aro rigar wani.

Ranar da na yi ƙoƙari, masara ta fara goyo. Mu biyu ne a ɗakin, ana yayyafi. Na fara da cewa a al'ada ubangida ba ya roƙon bawa, amma akwai wata doka ta musamman da ta shafi ranar Kaduna. Bai yi dariya ba. Na ajiye muryar wasa, na ce, "Na ga bakinka na tafi na bar ka. Kana kallona na ɗaga maka hannu. Kuma na yi wa likita ƙarya kana ji."

Ya miƙo hannunsa mai lafiya, a hankali, ya ɗora tafin a kan bakina ya danne. Ya daɗe a haka. Hannun na wari irin na man zafi da ake shafa masa. Ban san ko cewa yake ya wuce, bar shi, ko cewa yake rufe mini baki, ba na son ji. Na dubi idonsa in karanta, ya lumshe su. Da ya sauke hannun na zauna har yayyafin ya tsaya, na ce to, ni zan koma, bawa ya ci gaba da hutawa a kan dukiyata. Ya ɗaga mini yatsu biyu, sallamarsa ke nan tun da magana ta tafi.

Kwana tara bayan nan aka bugo mini waya da hantsi, ina gona.

Da aka sallace shi, liman ya juyo ya ce jama'a, mamaci ya zauna da mutane, duk wanda ya saɓa wa ya yafe masa don Allah. Aka amsa an yafe. Sai wani dattijo daga cikin sahu, da kyakkyawar niyya, don ya sassauta wa mutane, ya ce ai ba a ji daga bakin ubangidansa ba, shi da ya sha wahalarsa shekara sittin. Fuskoki suka juyo wajena, wasu har sun fara murmushi, suna jiran in ce sai an biya ni bawana kafin a ɗauka.

 Na ce na yafe, a hankali, kamar kowa. Na ɗan tsaya ko liman zai juya tambayar, ya ce shi mamacin fa, wa ya saɓa masa. Ba a yin wannan tambayar. Aka ɗaga makara, na sa kafaɗata a gaba ta hagu, ban ba kowa ba har bakin kabari.